Garin Neman Gira: Yaƙi da Annoba da Makomar Majinyatan Yau da Kullum a Machina, Nguru da Gashuwa

Gabatarwa

Duk lokacin da annoba ta ɓarke, abin da kan fara zuwa zuciyar hukuma shi ne ta tsayar da jama'a wuri guda: a rufe hanya, a tashi kasuwa, a ware wanda ya kamu. Wannan tsohuwar dabara ce, kuma tana da hujja, domin cuta ba ta da ƙafar tafiya sai ta ɗan Adam. To, amma ranar da aka datse hanya, mai naƙuda ba ta fasa haihuwa, sauro bai daina cizo ba, hawan jini kuwa bai san an kafa doka ba. Waɗannan majinyata na yau da kullum, waɗanda ba a kan ji adadinsu a rediyo ba, su ne wannan maƙala za ta waiwaya. Za mu ɗauki ƙasar Machina da maƙwabtanta, Nguru da Gashuwa, a arewacin Jihar Yobe, mu bi tarihin matakan da aka sha ɗauka don kashe kaifin annoba tun daga 1918 har zuwa cutar korona ta 2020, mu ga abin da suka tsare da kuma abin da suka ɓarar. Masu iya magana dai sun gargaɗe mu, kada garin neman gira a rasa ido.

Ƙasar da Hanyoyinta

Machina tana can ƙuryar arewa maso yammacin Yobe, ta yi iyaka da Jihar Jigawa da kuma ƙasar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Tsohuwar masarauta ce, kuma iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na ashirin ta raba dangi gida biyu, amma ba ta raba auratayya da cin kasuwa ba. Nguru kuwa ita ce mazaunin Galadiman Borno a da, daga baya ta zama ƙarshen layin dogo da ya taso daga Kano, wanda ya iso ta a 1930, aka riƙa lodin gyaɗa da fatu da ƙaro daga nan. Gashuwa, hedkwatar masarautar Bade, tana gabas da Nguru a bakin kogin Yobe. Duk wannan yanki yana cikin Jihar Borno har zuwa 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Yobe.

Abin lura a nan shi ne yadda neman lafiya yake a wannan yanki, watau tamkar tsani ne mai matakai. Mutumin ƙauye yakan fara da mai kemis ko ɗakin shan magani. Idan abu ya gagara sai a nufi asibitin gari, daga nan sai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko babban asibitin Gashuwa. Idan nan ma ya faskara, sai Damaturu, ko Maiduguri, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ga mutumin Machina ko Nguru, Kano ta fi zama alƙibla, domin ciniki da zumunci da hanyar mota ta Haɗeja duk can suka nufa. Kowane mataki na wannan tsani mota ce ko babur ke haɗa shi da na sama. Saboda haka, wanda ya rufe hanya ya sare tsanin ke nan, ko da kuwa ƙofar kowane asibiti a buɗe take.

Waiwaye Adon Tafiya

Babbar murar da ta game duniya, wadda tsofaffin ƙasar Kano suka riƙa kira marisuwa, ta sauka Legas ne a watan Satumba na 1918 ta hanyar jirgin ruwa. Turawan mulki suka shiga killace majinyata da bi gida-gida ana feshi da hana taruwa. Sakamakon haka mutane suka tsorata, suka riƙa ɓoye marasa lafiya, wasu suka gudu daga birnin, cutar ta bi su, ta bi layin dogo da hanyoyin fatake, kafin shekarar ta ƙare ta mamaye Arewa. An ƙiyasta cewa ta hallaka kimanin mutum 500,000 a Nijeriya, a lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba. Amma a wancan zamani, talakan Machina ko na Bade ba shi da wani asibiti da za a ce an hana shi zuwa. Wanzami da ungozoma da mai maganin gargajiya suna unguwa ɗaya da shi. Ke nan matsalar da muke magana a kanta ɗiyar ci gaba ce: gwargwadon yadda jama'a suka dogara da asibiti, gwargwadon yadda rufe hanya zai cutar da su.

A 1926, sa'ilin da annobar ɓeraye ke ɗibar rayuka a Legas, aka kafa Dokar Killacewa. Abin mamaki, da wannan doka ta zamanin Turawa ce Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa hujja wajen kulle Legas da Ogun da Abuja a 2020, bayan shekara 94. Doka ce da aka tsara domin jiragen ruwa da tashoshinsu, a zamanin da babu awon ciki ko allurar jarirai ga mafi yawan jama'a, balle a yi tunanin yadda za a kare su.

Sai kuma agana. Iyayenmu da suka yi wayo a shekarun 1960 ba su manta da 'yan lamba ba, waɗanda suka bi gari-gari daga 1967 suna yi wa jama'a rigakafi a dandali da ƙofar fada. Shirin ya haɗa agana da ƙyanda a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Agana ta ƙare a wannan yanki a 1970, aka kuma bayyana kawar da ita daga duniya a 1980. Ƙyanda kuwa ta ja baya kaɗan, sa'an nan ta dawo. Dalili shi ne, kowace rana ana haihuwar sababbin yara, kuma gangamin da ya zo ya wuce ba zai tarar da wanda ba a haifa ba tukuna. Ƙyanda tana bukatar ɗakin shan magani mai buɗewa kowane mako, da malamin asibiti mai zama, da firji mai sanyi. Wannan fahimta ce ta haifar da shirin kiwon lafiya a matakin farko bayan taron Alma-Ata na 1978, wanda Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya tsaya a kansa lokacin da yake Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992.

A 1996 kuma sanƙarau ya yi wa Arewa dirar mikiya. An ƙirga fiye da mutum 100,000 da suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu, ga ƙyanda da kwalara sun taso a shekara guda. Saudiyya ta hana alhazan Nijeriya shiga aikin Hajjin wannan shekara. A nan ne kuma aka yi gwajin maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano, wanda ya jawo doguwar shari'a, ya kuma bar tabo a zukatan iyaye. Tabon ya fito fili a 2003, lokacin da aka dakatar da allurar shan inna a Kano da wasu jihohi, ba a koma ba sai a tsakiyar 2004. Darasin da ke nan shi ne, yarda tana daga cikin kayan aikin asibiti, kuma idan aka fasa ta a lokacin annoba, allurar yau da kullum ce ke biyan diyya.

Shekarar Kulle

Ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Nijeriya, wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka Legas. Kafin watan Maris ya ƙare an rufe makarantu da filayen jiragen sama, an hana shige da fice a iyakokin ƙasa, Jihar Yobe ma ta rufe nata iyakokin. Cutar ta bayyana a Kano ranar 11 ga Afrilu, aka kulle birnin a tsakiyar watan, sa'an nan ranar 27 ga Afrilu Shugaban Ƙasa ya ƙara wa kullen mako biyu. Daga 4 ga Mayu aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi a duk faɗin ƙasa, tare da dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Ba a ɗage takunkumin tafiya tsakanin jihohi ba sai 1 ga Yuli. Iyakar Maigatari kuwa, wadda take babbar ƙofar wannan shiyya zuwa Nijar, sai a watan Disamba aka buɗe ta. Duk wannan ya faɗo ne a tsakiyar bazara, lokacin da zafi kan wuce digiri 40 a Nguru, kuma azumin watan Ramadan ya kama ranar 24 ga Afrilu.

A takarda, dokar ta keɓe ma'aikatan lafiya da masu ɗauke da abinci da magani. A aikace kuwa, majinyaci ba ya tafiya sai an sami direban da zai yarda ya ɗauke shi. Tashoshin mota sun yi tsit, 'yan motocin da suka fito suka ninka kuɗi saboda shingaye da zagaye ta daji. Alal misali, mu ɗauki mace a wani ƙauye na Machina wadda naƙuda ta yi wa tsawo, jini ya ɓalle mata da tsakar dare. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashewa cikin 'yan sa'o'i kaɗan. A shekarar lafiya ma, samun mota zuwa Nguru aiki ne. Ina ga daren da aka hana fita, mai mota yana tsoron a kama shi? Haka kuma mu tuna da masu ciwon ƙoda, wanda ya daɗe da addabar mutanen Gashuwa da kewayenta. Wanda ƙodarsa ta gaza yana bukatar wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, kuma da yawa sai sun yi doguwar tafiya kafin su sami na'ura. Ga irin wannan bawan Allah, mako biyu na rufe hanya ya ishe shi ajali.

Hanya ta biyu da kulle ya bi ya shiga asibiti ita ce tsoro, kuma tsoron nan fuska biyu gare shi. Ma'aikata suna tsoron majinyata, domin kayan kariya sun yi ƙaranci, ga labarin likitoci da suka kamu a Kano da Katsina yana yawo. A Kano, asibitoci masu zaman kansu da dama sun rufe ƙofa, manyan asibitoci kuma sun taƙaita ganin marasa lafiya na waje da tiyatar da ba ta gaggawa ba. Su kuma majinyata suna tsoron asibiti. Alamomin korona na farko su ne zazzaɓi da tari da ciwon jiki, watau alamomin da kowane gida ya saba da su. Mai zazzaɓin cizon sauro ya ga cewa in ya je asibiti ana iya killace shi, a yi ta nuna gidansa da yatsa, in ya mutu kuma ƙila a hana 'yan'uwa yi masa sutura yadda addini ya tanada. Sai ya zauna gida da maganin kemis. Abin da ya faru a Legas a 1918 shi ne ya maimaita kansa bayan shekara ɗari da biyu.

Ta uku ita ce magani. A wancan lokaci, kasuwar Sabon Garin Kano ita ce rijiyar da masu kemis na wannan shiyya ke ɗiba. Da aka kulle Kano, sari ya yi wuya, farashi ya tashi, a daidai lokacin da manomi da ɗan tireda suka rasa kasuwar da za su sayar da akuya ko buhun gero su sami kuɗi. Mai hawan jini ko ciwon suga da ke shan ƙwaya kullum sai ya koma shan rabi, ko ya bari sai hali ya yi.

Gawawwakin Afrilu da Mayu

A ƙarshen Afrilu da farkon Mayu na 2020, masu haƙar kabari a Kano suka fara kokawa da yawan gawawwaki. Ba a jima ba sai irin wannan labari ya fito daga Haɗeja da Azare, sa'an nan Fataskum da Nguru da Gashuwa. Gwamnatin Yobe ta sa aka bi gidajen mamata ana tambayar iyalansu yadda rashin lafiyar ta kasance. Rahoton da Ma'aikatar Lafiya ta jihar ta fitar a watan Mayu ya ƙirga mutum 471 da suka rasu cikin 'yan makonni a manyan garuruwan da aka bincika, akasarinsu dattawa, kuma fiye da rabinsu suna da daɗaɗɗun cututtuka irin su hawan jini da ciwon suga. A Kano, Ministan Lafiya Dakta Osagie Ehanire ya bayyana a watan Yuni cewa an ƙirga mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mace-macen suna da alaƙa da korona, fiye da rabin mamatan kuma a gida suka cika.

Waɗannan alƙaluma suna da harshe biyu, kuma ya kamata mu saurari dukkansu. Na farko, cutar gaskiya ce, ta kuma kashe dattawanmu fiye da yadda gwajin da aka yi ya nuna. Wanda ya ce ƙarya ce bai yi wa mamatan adalci ba. Na biyu, ko da an ɗauki ƙiyasin Ministan a yadda yake, akwai ɗaruruwan mutane a Kano da wani abu daban ya kashe, a watan da asibiti ya yi wuyar shiga. Musulmi yakan binne mamacinsa a ranar da ya rasu, tambayar iyali kuma ba ta kai gwajin asibiti ba, saboda haka kabarin wanda korona ta kashe da na wanda rashin magani ya kashe suna jere da juna babu alama. Sau da yawa ma abin biyun ne suka haɗu a kan mutum guda: cuta ta kama dattijon da ya yi mako uku babu ƙwayar hawan jini.

Bashin da Yara Suka Biya

Akwai ɓarnar da ba ta bayyana nan take. A ƙarshen Maris 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a dakatar da gangamin rigakafi na gida-gida, ma'aikatan shan inna kuma aka juya su zuwa bin sawun masu korona. Ranar 25 ga Agusta, 2020 aka yi bikin tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, wadda aka yi wa ganin ƙarshe a Jihar Borno a 2016. Amma a 2021 wani nau'in cutar, mai yaɗuwa inda yara ba su sami isasshen rigakafi ba, ya shanye ƙafafun yara fiye da 400 a Nijeriya, alhali a 2020 ba su kai goma ba. A duniya baki ɗaya, yara miliyan 23 ne ba su sami cikakkiyar allurar rigakafin jarirai ba a 2020, adadin ya kai miliyan 25 a 2021.

Daga ƙarshen 2022 sai ga mashaƙo, cutar da matasan likitoci da yawa suka sani a littafi kawai. Kano ce ta fi jin jiki, Yobe na biye da ita, inda yara fiye da ɗari suka rasu kafin ƙarshen 2023, mafi yawan waɗanda suka kamu kuwa ba su cika allurarsu ba. Ba za mu ɗora wa kulle laifin duka ba, domin giɓin rigakafi a Arewa ya girme shi, rikicin Boko Haram ma ya riga ya rusa ɗakunan shan magani da yawa a gabashin jihar. Sai dai bango ne da ya riga ya tsage, shekarar 2020 ta ƙara buɗa shi, ƙadangare ya sami wurin shiga. Haka kuma a 2021 kwalara ta kashe mutum fiye da 3,500 a Nijeriya, adadin da ya zarce dukkan waɗanda aka rubuta cewa korona ta kashe a ƙasar, watau kimanin 3,155.

Wannan ba a kanmu aka fara ba. A Gini da Laberiya da Saliyo, cutar Ebola ta kashe kimanin mutum 11,300 daga 2014 zuwa 2016, masana kuma sun ƙiyasta cewa waɗanda suka mutu saboda tsayawar maganin zazzaɓi da tarin fuka da ƙanjamau sun kusa kai wannan adadi. A Kwango, Ebola ta kashe kimanin 2,300 daga 2018 zuwa 2020, ƙyanda kuwa ta kashe fiye da 6,000 a lokaci guda, ba tare da duniya ta tashi tsaye ba. Game da zazzaɓin cizon sauro, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an sami ƙarin mutuwar mutum 69,000 a 2020, kashi biyu cikin uku saboda katsewar magani da gidan sauro.

Abin da Bai Tsaya Ba

Adalci ne mu faɗi inda aka dace. A daminar 2020 ba a fasa raba wa ƙananan yara maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata a jihohin Arewa ba. Abin da aka yi shi ne sauya salo: mai rabo ya sa takunkumi, ya tsaya daga nesa, ya miƙa wa uwa magani ta ba ɗanta da hannunta. Haka ma tarin fuka: a duniya, adadin waɗanda aka gano ya faɗi daga miliyan 7.1 a 2019 zuwa miliyan 5.8 a 2020, amma a Nijeriya ƙaruwa ya yi, domin an fita neman masu tari maimakon a jira su. Duk aikin da ya tashi ya je wurin mutane ya rayu, wanda kuwa ya zauna jiran mutane su keto shingaye shi ne ya sha wuya.

Kammalawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu, 2023, amma annoba baƙuwa ce mai dawowa. Abin da tarihin nan ya koya mana shi ne, kafin a sa hannu a dokar rufe hanya, a fara tambayar ina mai naƙuda za ta bi, ina mai wankin ƙoda zai bi. A tanadi motar da kowane shinge ya san ta, a ba masu daɗaɗɗen ciwo maganin wata biyu ko uku a hannu, a raba ƙofar masu zazzaɓi da ta masu awo, a wadata malaman asibiti da kayan kariya, a kuma sa sarakuna da limamai a gaba, kamar yadda aka yi har aka ci galabar shan inna. Dokar da aka ɗinka daidai jikin Legas ba lalle ta shiga jikin Machina ba. Mu kuma ɗalibai da malamai a jami'a, akwai aiki a gabanmu: dattawan da suka ga 'yan lamba suna ƙarewa, matan da suka haihu a gida a azumin 2020 suna nan da ransu, kuma abin da suka gani bai shiga kowane rahoto ba. Wajibinmu ne mu je mu ji daga bakinsu, mu rubuta da harshen da suka faɗa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kuma kare mu daga annoba da abin da take jawowa, amin.